Jirgin da Ke Gaishe Ni a Kan Rufinmu

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Telma ki gaya wa Babanki gaskiya, Telma ki daina ɓoye-ɓoye", to hankalinku ya kwanta, gaskiyar ta fito. Da hannun hagu nake latsa muku wannan, na daman a kumbure yake kamar burodi. Duk wadda ta san za ta zage ni ta bari sai ta kai ƙarshe, don yau abin zagin da yawa.

Saboda sababbin shigowa: ni ce Telma Figueira, ina aiki a asibitin haƙori a Newark, kuma har yau a gidan iyayena nake, don a gidan 'yan Fotugal irin namu, budurwa ba ta kama haya ita kaɗai sai in ta shirya jin kukan uwarta har Kirsimeti. Saurayina Emmett Sadowski, wanda asalinsa Bafolande ne, matuƙin helikwafta ne, cikin waɗanda ke kwasar 'yan yawon buɗe ido daga filin bakin kogi su zaga da su saman Manhattan a yi hotuna. Babana kuma, Anibal Figueira, shi ne shugaban ƙungiyar unguwarmu da ta lashi takobin sai an toshe bakin jiragen nan. Akwai ƙudirin doka gaban majalisar jiha a Trenton da zai rage tashin jirage a filaye masu lasisi, ya hana na shaƙatawa tashi da yamma da ƙarshen mako. Na rantse Baba ya fi wanda ya rubuta ƙudirin haddace shi.

Ga inda na jawo wa kaina. Farkon haɗuwarmu, wata yamma ina shanya a kan rufi, na tura wa Emmett saƙo: "Wai kana iya hango ni daga can sama?" Ya amsa: "Tsaya gefen ɗakin tantabaru ki gani." Da ya zo dawowa sai ya baro hanyar kogi, ya karkato kan gidanmu, ya yi ƙasa-ƙasa, ya ƙifta min fitilar gaba. Ni kuwa sakarya na dinga tsalle ina ɗaga masa rigar Mama da ke hannuna. Ya ce haka matuƙa ke gaida 'yan matansu. Daga nan abin ya zame mana jiki, kullum yamma jirgi mai shuɗiyar wutsiya sai ya zo ya gaishe ni.

Abin da soyayya ta hana ni lissafawa shi ne, da yamma Baba ke sakin tantabarunsa su motsa fiffike. Tantabarun tsere ne, jinin na kakana tun can ƙauyensu, kuma in kana son ganin haƙoran Baba to yaba su. Ƙarar jirgin ta dinga tarwatsa su, ƙananan su ruɗe su afka wa wayoyin lantarki. Wata rana Rainha, sarauniyar ɗakin, wadda ta taɓa dawowa gida daga Ohio cikin ruwan sama, ta faɗo tsakiyar titi da karyayyen wuya. Tun ranar na hana Emmett ratsowa, ya kuma daina. Amma Baba ya riga ya yanke cewa kamfanin ne ke turo jirgin da gangan don a ci masa mutunci. Ya naɗe Rainha a tawul ya sa a firiza gefen kifin Mama, wai ranar Alhamis zai kai ta Trenton ya ajiye gaban 'yan majalisa.

Ana cikin wannan Mama ta tsare ni a kicin.

"Wannan yaron da ke sa ki murmushi da waya a banɗaki, ba shi da ƙafa ne? Lahadi ya zo ya ci abinci."

"Mama, yana aiki."

"Aikin me?"

"Tuƙi yake."

"To direba ba ya cin kifi? Ya zo, ko na aika Nuno ya ɗauko shi."

Yaya Nuno shi ne wana, mai aikin gini, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji. Yana zaune a hawa na ƙasa da matarsa Carla mai tsohon ciki. Ya taɓa kwana a hannun 'yan sanda kan faɗa, alƙali ya ce in ya sake ganinsa sai ya manta kalar rana. Yayana ne, ina son sa, amma hannunsa kan riga kansa tunani.

Ranar Lahadi, muna dawowa daga coci na cire rigar coci na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai, na ɗaure gashi, na sa 'yan kunnen zinaren da kakata ta bar min. Janbakin ma sai da na goge na sake. Emmett ya iso cikin farar riga da ta sha guga, da furanni a hannu ɗaya, da kwalin kek ɗin ƙwai na gidan burodin da Mama ke so a ɗayan. Na tare shi a bakin mota.

"Don Allah, in an tambaye ka, ka ce kana tuƙa wa kamfani ne. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ni ba zan fara zancen ba," in ji shi. "Amma in ya tambaye ni ido cikin ido, ba zan ci abincin mutum ina yi masa ƙarya ba, Telma."

"Kai dai gaskiyarka za ta kashe mu."

Ya yi dariya ya gyara min maɓalli.

Da farko komai lafiya lau. Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen da ba ya fitowa sai bikin Ista, ta jera busasshen kifi da dankali da ƙwai cikin man zaitun, Baba ya hauro da tulun ruwan inabin da yake haɗawa da kansa a ɗakin ƙasa. Carla ba ta hauro ba, ƙafafunta sun kumbura. Emmett ya ci ya ƙara, Mama ta dinga kallona tana ɗaga gira, alamar yaron ya yi. Yaya Nuno ma har da tsokana.

"Bafolanden nan ya iya ci! Mama, ɓoye tukunyar kafin ya haɗa da ita."

Sai wani jirgi ya bi ta saman kogi, kofunan cikin kabad suka hau kaɗawa. Fuskar Baba ta sauya nan take.

"Ka ji ko? Haka muke rayuwa, ɗan nan. Mutum ya yi shekara talatin yana zuba kankare ya sayi gida, wasu su zo suna shawagi a kansa don su ɗauki hoton takalmansu. Amma Alhamis na nan tafe." Ya zaro waya ya tura gaban Emmett. "Kai idonka sabo ne. Kalli ɗan iskan nan da ke sauko min kan rufi yana ƙifta min fitila. Karanta min lambar wutsiyar, ina so in tabbatar kafin in faɗe ta a majalisa."

Na taka ƙafar Emmett a ƙarƙashin tebur har sai da dunduniyata ta yi zafi. Bai ko kalli wayar ba. Ya ajiye cokali, ya goge baki.

"Ba sai na duba ba, Mista Figueira. Ni ke tuƙa shi."

Mama ta tsaya da cokalin miya a sama.

"Ba kamfani ne ya turo ni ba," ya ci gaba. "Wautata ce. Ban san akwai tsuntsaye a sama lokacin ba. Da na sani na daina, kuma na zo ne in..."

Baba ya miƙe a hankali ya shiga kicin. Muka ji ƙofar firiza. Ya dawo da tawul ɗin, ya warware shi, ya ɗora Rainha a kan farantin Emmett, a kan sauran kifinsa, ƙanƙara na tashi daga gashinta.

"Ga ta nan. Ba ni haƙuri a gabanta."

Ban ga lokacin da Yaya Nuno ya tsallako teburin ba. Ji kawai na yi tulu ya fashe, jan ruwa ya wanke farin ƙyallen, kujerar Emmett ta kife da shi. Naushin farko a ido ya same shi, zoben auren Nuno ya tsaga masa gira, jini ya ɓalle. Na biyu a baki. Emmett bai rama ba, hannu kawai ya sa ya kare kai, shi kuwa Nuno ya danne shi da gwiwa yana kirɓa kamar ya samu buhun siminti.

"A gidanmu! Ka ci kifin uwata! Ka kashe wa tsoho tsuntsaye ka zo kana lashe faranti!"

"Wayyo Maryamu uwar Yesu! Anibal, raba su, zai yi kisa!"

Baba ko gezau. Na damƙi gashin Nuno da hannu biyu na ja iya ƙarfina, na ƙwalla ƙarar da ban san ina da ita ba.

"Ni na sa shi! Ni yake gaisarwa! Ni ce ke tsayawa a rufin ina ɗaga masa hannu!"

Nuno ya sake shi. Ruwan inabi na ɗiga daga bakin tebur. Na jira mari, na ma fi son marin. Baba bai taɓa dukana ba, ranar ma bai fara ba. Kallona kawai ya yi.

"Ranar da nake tsince su a titi," ya ce, "ke kika riƙe min ledar."

Jama'a, da ya zare bel ya zane ni da ya fi min sauƙi. Ya naɗe tsuntsuwarsa ya sauka ɗakin ƙasa. Nuno ya ja Emmett da kwalar riga har bakin ƙofa ya hankaɗa shi kan matakala, ya bi shi da furannin. Maƙwabta duk sun leƙo ta tagogi. Na yi yunƙurin bin sa, Mama ta tare ƙofar da jikinta tana kuka.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Idon ya rufe amma ina raye. Ki ce wa Mamanki kifin ya yi daɗi."

"Kana da hankali kuwa? Ka je asibiti."

"Zan je. Gobe ina da tashin yamma. Ta tsakiyar kogi zan bi, ko waiwayar rufinku ba zan yi ba."

Ina cikin rubuta "kada ka tashi" Mama ta fizge wayar ta jefa aljihun rigar girkinta. Ni da shekara ashirin da shida! Ta ce sai gidan ya huce za ta ba ni, kuma in na isa in sa hannu in ɗauka. Ban isa ba.

Litinin na je aiki da kumburarrun idanu, na ce wa likita mura ce. Na ɗaga wayar ofis zan kira shi, na tarar ko lambarsa ban haddace ba, kun ji amfanin wayoyin zamani. Na dawo gida rana na faɗuwa. Babu wanda ya amsa gaisuwata. Daga ɗakin ƙasa ina jiyo Baba yana maimaita jawabinsa na Trenton da Turancinsa mai nauyi, yana tsayawa yana sakewa. Na shiga ɗaki na cire takalmi ke nan na ji taku a saman kaina. Baba na ƙasa, to wa ke kan rufi?

Na hau ba takalmi. Yaya Nuno ne tsugune bayan ɗakin tantabaru. A hannun hagu wayarsa, buɗe a kan manhajar nan da duk 'yan ƙungiyar Baba ke da ita, mai nuna kowane jirgi da lambarsa yana tafiya a kan taswira. A hannun dama wani baƙin abu kamar tocila, irin fitilar leza da suke auna gini da ita, amma wannan ta fi kauri.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Koma ciki."

"Me za ka yi da ita?"

"Ba yana son ƙifta fitila ba? Yau mu ma za mu gaishe shi." Ya juyo min da wayar. "Ga shi nan tafe. Lambarsa ce."

Na ɗaga kai. Can saman kogi, daga wajen gada, ga shi yana dawowa, shuɗin wutsiyar na ɗaukar sauran hasken rana. A tsakiyar kogi yake kamar yadda ya yi alkawari, ko kusa da mu bai zo ba.

"Akwai mutane a ciki, Nuno! Ido ɗaya gare shi yau, kai ka rufe ɗayan!"

Ya danna. Wani koren haske siriri ya miƙe daga rufinmu har cikin gilashin gaban jirgin, gilashin gaba ɗaya ya kama da kore.

Na faɗa masa ta baya. Na shaƙe wuyansa, na gantsara masa cizo a kafaɗa har na ji gishirin jini a bakina. Ya yi ƙara ya watsar da ni da gwiwar hannu, na bugu da ɗakin tantabaru, ƙofar ta maƙe min hannun dama, na ji ƙas. Tsuntsayen suka haukace a ciki suna dukan waya. Na tashi na rarumi bokitin hatsinsu na ƙarfe na maka masa a baya, amma ko a jikinsa. Ya riƙe hasken da hannu biyu yana bin jirgin da shi, haƙoransa a cije.

Jirgin ya yi wani irin zillo. Hancinsa ya ɗaga, wutsiyar ta juya gefe, ya karkata ya nufi manyan wayoyin da ke tsallaken kogi. Ya kauce musu da ƙyar, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ƙarar injin ta sauya ta koma kamar tari. Ya ɓace bayan dogayen ciyayin fadama. Sai muka ji dim, har cikin tafin ƙafata. Daga nan shiru, irin shirun da Baba ya shekara yana roƙon majalisa ta ba shi, ga shi ya samu.

"Ka kashe shi," na ce. Sai na ƙwalla ƙara. "Ka kashe shi! Ka kashe min shi, mugu, azzalumi!"

Na hau shi da duka da hannun da ya rage, da ƙafa, da kai. Wannan karon bai kare ba. Fitilar ta suɓuce masa ta gangara. Ya durƙusa ya dinga kelaya amai a kan kwaltar rufin.

"Tsorata shi kawai zan yi. Telma, na rantse da cikin Carla, tsorata shi kawai..."

Baba ya hauro yana haki, gilashin karatu a goshi. Ya kalli fitilar a ƙasa, ya kalli Nuno, ya kalli ƙurar da ke tashi daga fadama. Ba wanda ya yi masa bayani, bai kuma nema ba. Jiniya ta fara tashi daga tsallake, ɗaya, sai wata, sai suka haɗe.

Sai ga Mama, wadda gwiwarta ta hana ta hawa rufin nan tun bara, ta rarrafo matakala da wayata a hannu tana ruri. Fuskarta ta yi fari fat.

"Sunansa ne," ta ce. "Sunan yaron ne ke fitowa."

Mama ce ta danna, ta kuma danna lasifika ba da niyya ba.

"Telma."

Na zube a wurin. Muryarsa ce, lafiyayya, babu ƙarar inji a bayanta. Na dinga kuka ina dariya ina kiran sunan Allah. Ku yafe min, na ɗan lokacin nan na manta akwai wani mahaluƙi a duniya bayan shi.

"Kana raye! Emmett, kana ina? Ka fito?"

"Ban tashi ba. Likita ya hana ni saboda idon. Ina filin jirgi." Sannan ya ce, "Rosalind ce ta karɓi jirgina."

Rosalind abokiyar aikinsa ce, ita ta koya masa hanyar kogin nan. Tana da tagwaye mata. Watan jiya na je bikin haihuwarsu, ni na yanka musu kek, ta rungume ni ta ce in yi haƙuri da Emmett, matuƙa duk ba su da kai. Manhajar Nuno lambar jirgi take nunawa, ba ta nuna wanda ke zaune a ciki.

"Ana ciro fasinjojin, suna motsi," in ji Emmett. "Ita ce ba ta jin ƙafafunta." Ya ci gaba, "Ta yi magana ta rediyo kafin ta faɗi. Ta ce koren haske ne, daga rufin da ke da ɗakin tantabaru. Rufi ɗaya ne haka a duk bakin kogin nan, kuma babu wanda ya kai ni saninsa. 'Yan sanda na tsaye a bakin ofis suna jirana. Ban ce komai ba tukuna. Telma, wa ke kan rufin?"

Nuno ya ɗago, amai a gemunsa, yana girgiza min kai kamar ƙaramin yaro. Mama ta toshe bakinta da rigar girki.

Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki fitilar. Ya goge ta tas da gefen rigarsa, sama da ƙasa, sannan ya damƙe ta da hannunsa, ya matse sosai, ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin.

"Nuno," ya ce ƙasa-ƙasa, "sauka ka wanke fuska ka zauna kusa da matarka. Ba ka hau nan ba yau."

Sannan ya juyo gare ni. Tun jiya bai yarda mun haɗa ido ba sai yanzu.

"'Yar nan, ki ce masa ni ne."

Jiniyar ta tsallako gada, ta shigo layinmu.

"Ina jin numfashinki," in ji Emmett. "Jiya na ga abin da gaskiya ta jawo miki, na sani. Amma ke kaɗai zan yarda da maganarki a gidan nan. Duk sunan da kika faɗa, shi zan fita in gaya musu."